Mai Makulli, Wadda Ta Raba Kalmar Sirri da Agogo

Kafin masu shara su gama goge baranda, Mai Makulli ta riga ta shige ɗakinta. Ɗaki ne ƙarami a bayan sashen gwajin jini na asibiti, tsakanin ma'ajiyar magani da wata matattakala da babu mai hawanta sai in an ɗauke wuta. Babu taga. Na'urar sanyaya ɗaki ce kawai ke ta tari a bango, sai akwatunan kwamfuta jere a kan kanta, fitilunsu na ƙiftawa. Takan ɗora jakarta a kan kujerar baƙi don kada baƙo ya samu wurin zama ya daɗe, ta cire takalmi ta zura silifas, ta tsiyaya shayi daga fulas, sannan ta duba abin da ya faru a cikin kwamfutocin bayan tashinta jiya: wa ya shiga, wa ya yi ƙoƙarin shiga aka hana shi, wace ƙofa aka ƙwanƙwasa fiye da kima. Sai ta gama wannan take amsa gaisuwa yadda ya kamata. Kafin nan "lafiya" kawai za ka samu, ita ma a gajarce.

A makon nan ta ajiye aiki, gashin kanta ya yi fari a ƙarƙashin ɗankwali, tabaranta ya yi kauri. Dubban mutanen da suka bi ta asibitin nan sun san likitansu, sun san nas ɗin da ta soka musu allura, wasu har mai sayar da lemo na bakin ƙofa sun sani. Ita kuwa ko a hanya suka haɗu ba za su waiwaya ba. Shi ya sa aka ɗauki alƙalami yau, don mai karatu ya san ta.

Aikinta rubuta manhaja ne. A wannan asibiti, in aka ɗebi jininka, ba sai ka dawo ka yi layi ba. A tagar rajista za a miƙo maka kalmar sirri, ka koma gida, ka shigar da ita a waya tare da lambar katinka, sakamakonka ya bayyana gare ka kai kaɗai. Duk wanda ya riƙe kalmar nan ya riƙe labarin jikinka. Daga nan ma'aikata suka laƙaba mata Mai Makulli, alhali ko makullin banɗaki ba ta taɓa riƙewa ba.

Tana da wata ɗabi'a da duk sabon ma'aikaci ya sha. Ranar farko za ta kira shi, ta ce ya faɗi wata lamba haka kawai, kan mai uwa da wabi. Ya faɗa. Sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Shekarar haihuwarka ce ko ta matarka?" Galibi sai ka ga mutum ya sosa ƙeya yana murmushi. Daga nan ta jawo aljihun tebur, ta fito da ƙwayar lido da ta ƙwace wa jikokinta, ta wurga a kan tebur.

"Kai ba ka iya bazata ba," za ta ce. "Ni ma ban iya ba. Zuciyarmu cike take da abin da muke so, duk abin da muka zaɓa sai ya yi ƙamshinmu. Wannan 'yar ƙwayar kuwa ba ta son kowa. Kwamfuta ma ta fi mu rauni a nan, don ita biyayya ce da ita. Ka ba ta mafari iri ɗaya, ta ba ka ƙarshe iri ɗaya, yau da gobe da jibi."

Akwai masu cewa ta cika tsanani. Gaskiya ne, ta cika. Ta taɓa bin wani babban likita har ɗakin tiyata don ya liƙa kalmarsa a jikin kwamfuta da salatif, ta tsaya a bakin ƙofa har ya fito. Amma wanda ya san abin da ya faru da direban motar asibiti ba zai ƙara ganin laifinta ba.

Abokin aikinta na shekara da shekaru shi ne wanda kowa ke kira Injiniya, mutum mai saurin hannu da saurin dariya, wanda ke ce mata Yaya ko da yake 'yan watanni ne tsakaninsu. Lokacin da asibiti ya yanke shawarar mayar da sakamakon gwaji kan waya, aiki ya yi musu yawa, suka raba. Ita ta ɗauki kwashe tsofaffin bayanai da tsare ma'ajiyarsu, shi ya rubuta ɓangaren da ke ƙirƙiro kalmomin sirri. Da ya gama ya kira ta ta leƙa. Ta ga haruffa da lambobi a hargitse, babu kai babu gindi, ta ce ya yi, ta koma kan nata. Abu ya yi ta tafiya lami lafiya, marasa lafiya suna sa albarka.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofarta a hankali. Direba ne, dattijo dogo mai furfura a gemu, wanda ya fi kowa daɗewa yana jan motar ɗaukar marasa lafiya. Bai taɓa shigowa ɗakin nan ba. Ya tsaya riƙe da hularsa yana kallon fitilun da ke ƙiftawa, har ta ɗauke jakarta daga kan kujera, abin da ba ta yi wa kowa.

"Malama, tambaya ce da ni," ya ce. "Abin nan naku na waya. In mutum ya ɓoye kalmarsa, akwai wanda zai iya buɗewa?"

"Babu, Malam. Sai in kai ka ba shi."

"Ko da ya iya kwamfuta? Don babban ɗana aikinsa ke nan, irin naku yake yi a wani kamfani. Shi ya rako ni ranar da aka ɗebi jinin."

Bai faɗi sunan ciwon ba, ita ma ba ta tambaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne likita ya zaunar da shi, ya rufe ƙofa, sun daɗe suna magana. A gida ya ce musu ƙarancin jini ne. Autarsa tana tsakiyar jarrabawar ƙarshe a jami'a, yarinyar da ko zazzaɓi ya yi sai ta kasa cin abinci. Uwarsu kuma hawan jini gare ta.

"Ba ɓoye musu zan yi ba," ya ce. "Zan faɗa. Amma da bakina, ina zaune, bayan yarinyar nan ta ajiye biro. Ba na son su tsinci maganar a waya kamar labarin wani."

"Je ka hankalinka kwance," ta ce. "Na ba ka magana, babu mai buɗewa."

Ya yi godiya ya tafi. Ita kuma ta mayar da jakarta kan kujera, zuciyarta fes, don ta yi imani da abin da ta faɗa.

Ba a rufa mako ba sai ga dariya ta ɓarke a wajen rajista. Wasu 'yan'uwa mata biyu, ya da ƙanwa, sun zo gwaji tare, ɗaya a wannan taga, ɗaya a ta kusa da ita. Ma'aikatan biyu suka danna maɓalli a lokaci guda. Da 'yan'uwan suka haɗa kai suna duba abin da aka ba su, sai suka ga kalmar sirrinsu iri ɗaya ce sak, harafi da harafi. Ƙanwar ta ce ai ko kwamfuta ta san nono ɗaya suka sha. Layi ya ɗauki dariya, masu gadi suka ɗauka, kafin azahar labari ya zagaye asibiti har ɗakin wanki.

Da labarin ya iso ɗakin Mai Makulli, ba ta yi dariya ba. Kalma mai tsawon nan, in da bazata ce ta gaskiya ta haife ta, sai duniya ta tashi ba a samu biyu sun yi karo ba, balle a tagogi biyu maƙwabta. Ta kira Injiniya, suka buɗe abin da ya rubuta, suka bi shi layi-layi, ita da yatsa a kan allon kwamfuta. Ba su yi nisa ba yatsan ya tsaya.

Ga abin da ya faru, a sauƙaƙe. Akwai wata hanya da kwamfuta ke fitar da lambobi masu kama da bazata. Sai ka ba ta lamba ɗaya ta farawa, ita kuma ta yi ta jujjuya ta da lissafi tana fitar da wasu. A ido sun hargitse, amma duk daga mafarin nan suka fito, kamar yadda iri ɗaya ke ba da shuka ɗaya. Don wasanni aka yi ta, irin su lido na waya, inda babu abin da zai lalace in wani ya gano jifa na gaba. Ita Injiniya ya yi amfani da ita. Da ya nemi lambar farawa kuma, sai ya miƙa hannu ga abin da ya fi kusa, wato agogon kwamfuta. Duk wanda aka yi wa rajista, daƙiƙar da aka danna maɓalli ita ce uwar kalmarsa.

"Amma Yaya, na gwada ta fa," in ji Injiniya, muryarsa ta yi ƙasa. "Na fitar da tuli, na ƙirga, kowane harafi yana fitowa daidai da ɗan'uwansa."

"Na yarda. Ba rabon haruffa ba ne matsalar. Tambayar ita ce, wanda ya san lokacin da aka yi wa mutum rajista, zai iya bin sawu ya iso inda muka iso?"

Ta sa lokacin da aka yi wa 'yan'uwan nan rajista a matsayin mafari, ta danna. Kalmarsu ta fito, ba ragi ba ƙari. Injiniya ya zauna a ƙasa, don kujerar da jaka a kai. Ya ce shi ke nan, ya jawo musu abin kunya, gara ya je ya faɗa wa shugaba da kansa.

"Tare za mu je," ta ce. "Kai ka rubuta, ni na duba na ce ya yi. Tashi, ba lokacin zaman makoki ba ne."

Gyaran kansa bai ci musu yini ba. Suka cire waccan hanya ta wasa, suka jona manhajar da rumbun bazata na ainihi da ke cikin kwamfutar, wanda aka tanada don sirri. A can take tara abubuwan da babu mai iya hasashensu: 'yar rawar lantarki a cikin ƙarafanta, ɗan bambancin lokaci tsakanin saƙo da saƙo, hayaniyar da ko ita kanta ba za ta iya maimaitawa ba. Mai Makulli ta ƙara wa kalmar tsawo. Ta cire haruffan da ke rikita tsofaffi, irin sifiri da harafin da ke kama da shi, sannan ta sake ƙara tsawo don cike gurbin abin da ta cire. Ta duba yadda ake ɗauko kowane harafi, don kada na farkon jeri su fi na ƙarshe samun rabo. Ta kuma sa ƙofa ta riƙa kulle kanta in an yi ta gwada kalmar da ba daidai ba. Daga yammacin ranar, duk wanda aka yi wa rajista ya samu makulli na gaske.

Saura tsofaffin kalmomin da ke hannun jama'a, kuma nan gizo ke saƙar. Suka hau bene wurin shugaban asibiti, mutumin kirki mai haƙuri, wanda aiki ya sha masa kai a lokacin saboda masu duba ingancin asibitoci suna tafe. Ya saurare su da kyau, bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya ce madalla da aka gyara. Soke tsofaffin kuwa, a bari sai baƙin sun zo sun tafi, don ba ya son su tarar da layi har titi da mutane suna masifa. Wa ma ya san da wannan maganar ban da su uku? Mai Makulli ta so ta ja, amma maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ta sauko ranta babu daɗi.

Washegari da safe ta haɗu da direba a wurin ajiye motoci yana goge gilashi. Ya rame kaɗan, amma fuskarsa a sake.

"Malama, ashe kwamfutarku ta iya zumunci," ya ce yana dariya. "Jiya na ba su labarin 'yan'uwan nan a gida, kowa ya yi ta dariya. Ɗana ne kawai ya yi ta tambaya, wai lokaci guda aka danna? Wai tagogin suna kusa? Yaron nan akwai bin diddigi."

Nan take ta tuna ko wane ɗa ne. Ɗan da ke rubuta manhaja, wanda ya tsaya kusa da mahaifinsa a taga, wanda ya san lambar katinsa, wanda kuma tabbas ya lura uban yana ramewa. In dai ya san sana'arsa, to ya riga ya gane abin da ita ta gane jiya. Ta ce wa direba, "Allah ya raya shi," ta wuce. Ko ɗakinta ba ta shiga ba, da jakarta a kafaɗa ta hau bene.

Mai Makulli, ke ce kika shiga ofishin shugaba ranar nan ba tare da kin jira an yi miki iso ba. Kina da hujjar da za ta gama magana cikin numfashi ɗaya, amma hujjar sirrin wani ce, kika haɗiye ta. Ba ki ambaci direba ba, ba ki ce "wani ma'aikacinmu" ba, ko da ido ba ki nuna wajen ajiye motoci ba. Ke ce kika zaɓi a ce miki mai taurin kai da a ce kin buɗe bakin da aka amince masa.

"Ranka ya daɗe, labarin nan ya fita," ta ce. "Duk wanda ya yi dariya jiya ya kai shi gida. A cikin gidajen nan akwai masu irin aikina. Yau za a soke, ba gobe ba."

"Hajiya, kina ganin da gaske wani zai zauna ya yi wannan wahalar?"

"Ba wahala ba ce. Ka yarda in gwada a kanka?"

Ya yarda, har da murmushi. Ta tambaye shi yaushe ya yi gwajin sukarinsa na baya. Ya ce ranar taron shugabannin sassa, yana fitowa ya biya ta taga. Ta buɗe kwamfutarta a kan teburinsa, ta sa tsohuwar hanyar ta fitar da kalmomin 'yan mintocin nan, ta juya masa allon ta ce ya duba ko tasa tana ciki. Ya zaro takardar kalmarsa daga walat, ya duba, ya bi jerin da ido. Murmushin ya tafi. Sannan ya tambaya ko ba za a tura wa kowa sabuwar kalma ta saƙon waya ba, a huta da layi.

"A'a, ranka ya daɗe. Rabin tsofaffin nan 'ya'yansu ke karanta musu saƙo. Wata matar ma wayar a hannun mijinta take kwana. Kowa ya zo da ƙafarsa da katinsa, a miƙa masa a hannu. Wanda ba ya iya tashi, mu aika nas har gadonsa."

Shugaba ya ja dogon numfashi ya ce, "Je ki yi. In baƙin sun tambaya, ni zan amsa."

Kafin ta sha shayin safiyar nan, duk wata tsohuwar kalma ta mutu.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Layi ya miƙe daga taga har bakin ƙofa, ya lanƙwasa ta gefen masu sayar da lemo. Mutane suka yi ta masifa, kuma da gaskiyarsu: wani ya bar shago, wata ta goyo jariri ta shiga mota biyu. Mai Makulli ta bar ɗakinta mai sanyi ta jawo kujera ta zauna a taga ta uku, Injiniya a ta huɗu. Wata tsohuwa ta dube ta ta ce duk wanda ya ƙirƙiro wannan wahalar Allah ya isa. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna, ni ce," ta miƙa mata kalmarta, ta karanta mata a hankali har ta riƙe. Tsohuwar ta karɓa tana harara, ba ta janye Allah ya isan ba. Masu duba asibiti suka zo suka tarar da cunkoson, suka rubuta abin da suka rubuta. Direba ma ya bi layi kamar kowa. Da ya iso gabanta ya ce, "Malama, wannan sabuwar ta fi waccan tsawo, kaina ba zai ɗauka ba." Ta ce ya adana ta inda shi kaɗai ya sani. Bai san don shi aka tayar da asibiti tsaye ba, ita kuma ba ta faɗa masa ba.

Ta ci gaba da aikinta shekaru bayan haka. Ta kafa doka cewa duk abin da ya shafi sirri sai mutum biyu sun karanta shi layi-layi, ba leƙen abin da ke fitowa ba. Ta koyar da waɗanda za su gaje ta har suka gaji da jin muryarta. Ko ɗan direba ya gwada ko bai gwada ba, ba ta taɓa sani ba, don a safiyar nan ƙofofi da yawa aka ƙwanƙwasa da matattun kalmomi, kuma ta hana kanta duba ta direba.

Sai ranar da aka yi mata taron sallama a ɗakin cin abinci na ma'aikata. An jera kujeru, an kawo lemo da biskit, shugaba ya yi jawabi, Injiniya ya ba da labarin likitan salatif aka yi ta dariya. Ana shirin tashi sai wani magidanci da ba ma'aikaci ba ya miƙe daga baya ya nemi izini. Kusa da shi direba ne zaune da sanda, ya tsufa, ya yi ritaya tuni, magani ya cinye masa gashi amma idonsa na nan da haskensa. Magidancin ya ce shi ne babban ɗansa, kuma da yardar mahaifinsa zai yi magana.

"Mama, ba ki san ni ba," ya ce. "Ni na san aikinki kafin in san fuskarki. Ranar da Baba ya ba mu labarin 'yan'uwan nan, na gane komai. Ina da saƙon da na tura wa mahaifiyarmu daga layi cewa an kira mu, da lokacinsa a jiki. Da safe na zauna a wurin aiki na fitar da kalmomin, na shiga gwadawa. Na san ɗaya daga cikinsu ta Baba ce, don na gwada dabarar a kan tawa, ta wani gwaji da na taɓa yi a nan, ta fito daidai. Amma ƙofa ta ƙi. Saƙo ya fito wai a zo taga da kati. Wallahi ranar na zage ki a zuciyata, ban ma san ko mace ce ko namiji ba."

Ya ce ba mugunta ta sa shi ba, tsoro ne, yana ganin wuyan rigar mahaifinsa na ƙara faɗi. Amma ya san kansa. Da ya buɗe ya ga sunan ciwon nan, da bai kai azahar ba ya kira mahaifiyarsu yana kuka, da ƙanwarsa ta ji kafin ta shiga ɗakin jarrabawa.

"Sai da ta rubuta takardarta ta ƙarshe ta dawo," ya ce. "Baba ya sa aka kashe talabijin, ya tara mu a falo. Ya riƙe hannun mahaifiyarmu, ya faɗa mana da kansa, ya faɗi abin da likita ya ce za a yi, ya raba wa kowa aikinsa. Mun yi kuka, amma shi ke jan ragamar. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Saura kaɗan in ƙwace masa wannan."

Mai Makulli ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Direba ya dogara sandarsa ya miƙe, ɗan ya kai hannu zai taimaka masa, ya ture hannun.

"Malama," ya ce, "ni har yau ban gane abin da kika yi ba. Yaron nan ya yi mini bayani ya gaji. Abin da na sani, kin ce in je hankalina kwance, na tafi."

To, Mai Makulli, mun gode. Mun gode da layin da kika sa muka bi muna ƙunƙuni, da zagin da kika sha ba ki rama ba, da bakinki da kika kame a ofishin shugaba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi a cikin jikokinki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na bayinsa.

Ku kuma masu rubuta manhaja, matasa da manya, ku ɗauki wannan daga gare ta. In za ku ƙirƙira wa mutum kalmar sirri, kada ku ɗauko ta daga agogo, ko ranar haihuwa, ko hanyar da aka yi don wasa. Ku je rumbun da aka tanada don sirri, ku ba ta tsawo, ku sa wani ya karanta abin da kuka rubuta, in kun gano kuskure kuma ku soke a ranar, ko da za a zage ku. Ba ku san wanda ke tsaye a bayan kalmar ba. A wannan karon wani uba ne da ya roƙi 'yan makonni kawai, kuma ya same su: 'ya'yansa daga bakinsa suka ji.